Yadda Dakta Mamduh Ya Gajarta Kansa

Duk wanda ya taɓa aiki a tsangayar noma ta jami'armu ya san Dakta Mamduh Sharnubi. Wanda bai san fuskarsa ba ya san muryarsa, don tun daga bakin ƙofa ake jiyo shi yana gyara wa wani magana. Ofis ɗaya aka cusa mu, ni da shi da Dakta Wagdi Shalabi, a ɗakin da fanka ke juyawa in ta ga dama. Shi da Wagdi kuwa ba sa ga maciji tun suna ɗalibai.

Wata shekara aka tura Mamduh wani ɗan kwas a Turai kan shirya takardun bincike. Ba ƙwazonsa ya sa aka zaɓe shi ba, shugabar tsangaya ce, Farfesa Nagwa, take so kunnuwanta su huta. 'Yan kwanaki ya yi ya dawo mana da jaka mai tambari, da mayafin wuya ana tsakiyar zafi, da kuma yaƙinin cewa ya gano ciwon da ke cin ilimi a Masar.

Ya ajiye jakar a inda kowa zai ga tambarin, ya ce, "Kun san abin da ya sa Turawa ke dawo mana da takardunmu?"

Wagdi na cin gurasa da wake, bai ko ɗago ba ya ce, "Naka dai. Don ba su da kyau."

"Gajartawa ce. Ba mu iya gajarta sunayen mujallu ba. Bature na buɗe shafin madogara ya ga sunan mujalla zaƙo-zaƙo kamar layin biredi, shi ke nan ya rufe."

Abin da yake magana a kai ba wani abin ɓoye ba ne. In mutum ya gama rubuta bincike, yana jera a ƙarshe takardun da ya dogara da su, da sunan mujallar da kowacce ta fito. Sunayen suna da tsawo, shi ya sa duniya ta haɗu a kan ƙa'ida ɗaya: kowace kalma tana da gajeren da aka san ta da shi, ƙananan kalmomi na haɗi a zubar da su, mujallar da sunanta kalma ɗaya ne tak a bar ta yadda take. Amfanin abin shi ne wanda ke Japan da wanda ke Aswan su ga gajeren su gane mujalla ɗaya ake nufi.

Wagdi ya ce, "Ai wannan jadawalinsa na nan, kowa na iya dubawa. Kwamfuta ma tana yi wa mutum."

"Jadawali na malalata ne. Na zauna da waɗanda suka rubuta shi, na nuna musu kurakuransu. Ɗayansu har riƙe mini hannu ya yi."

"Makirufo yake so ka saki."

Mamduh ya yi kamar bai ji ba. Ya sanar da mu cewa ya ƙirƙiro nasa, sunansa Tsarin Sharnubi, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: kowace kalma harafi ɗaya ya ishe ta, in ta cika taurin kai a ba ta biyu. Ya ce nan da 'yan shekaru za a riƙa koyar da shi a jami'o'in duniya, mu kuma mu riƙa yi wa jikokinmu alfahari mun taɓa shan shayi da shi.

A kanmu ya fara gwaji. Shi ne sakataren majalisar sashe a zangon, sai ya liƙa sanarwa: taro ranar "Al." da safe. To a larabcinmu duk ranakun mako da "al" suke farawa. Ƙa'ida ta ce a zubar da ƙaramar kalma a riƙe babba, shi kuwa ya riƙe ƙaramar ya zubar da ranar. Wasu suka zo Lahadi, wasu Litinin. Wani dattijon farfesa da ke zaune a Alƙahira ya hau jirgin ƙasa da ciwon gwiwarsa ya zo Asabar, ya tarar da ƙofa a kulle. Ranar Alhamis Mamduh ya zauna shi kaɗai a ɗakin taro, sannan ya fito yana faɗa wai babu mai mutunta lokaci a ƙasar nan.

Na ce masa, "Mamduh, ta yaya mutum zai san Alhamis kake nufi?"

"Mai ilimi daga yanayin magana yake ganewa."

Wagdi ya ce, "Mai duba dai."

Duk da haka Farfesa Nagwa ta damƙa masa mujallar tsangayarmu, don aikin gyaran madogara babu mai so, shi kuwa har roƙo ya yi. Mujallar nan shekara da shekaru muna fafutukar a sa ta a sahun waɗanda duniya ta yarda da su, kuma ƙarin girman ƙananan malamai da yawa a kanta ya rataya. Sunanta na Turanci manyan kalmomi uku ne, ta lambu da ta ƙananan halittu da ta bincike. Mamduh bai tsaya a madogara ba, ya haura har bango. Aka buga fitowar bazara da haruffa uku manya-manya masu ruwan zinariya: H.M.R. Ya sa aka yi ƙyalle mai faɗi aka rataya a ƙofar tsangaya, ga hotonsa a ƙarƙashin haruffan yana murmushi.

Balarabe ba ya jiran wasali kafin ya karanta kalma. Duk wanda ya ɗaga kai ya ga H.M.R. sai bakinsa ya ce himar, wato jaki. Direbobin bas suka riƙa rage gudu a ƙofar suna nuna wa fasinjoji. Malaman tsangayar injiniya suka taso takanas suka ɗauki hoto. In Mamduh ya ratsa farfajiya, sai ka ji wani daga bayan bishiyoyi ya saki kukan jaki, a juya ba a ga kowa ba.

Farfesa Nagwa ta kira shi, ta bar ƙofa a buɗe don mu ji.

"Dakta Mamduh, karanta mini abin da ke bangon nan."

"Ec, Em, Ar, ranki ya daɗe."

"Da larabci."

"Ai ba don Larabawa na yi ba, don duniya na yi."

"Shugaban jami'a ya kira ni da safe yana tambaya ko sashen kiwon dabbobi ne ya karɓe mujallar. Ka sauke ƙyallen nan yau, ka miƙa wa Dakta Wagdi aikin."

Ya dawo ofis yana huci. Ya ce hassada ce, kuma duk wanda ya zo da sabon abu haka ake yi masa. Wagdi ya ce gaskiya ne, musamman in ya sa hotonsa a ƙarƙashi.

Da mun san inda zai juya, da mun roƙi a bar masa mujallar. Akwai wata ɗaliba, Nihal Banna, da ke kammala digirin dakta kan noman tumatir a ƙasa mai gishiri. Mace ce mai natsuwa, da mijinta da 'ya'yanta, ta shafe shekaru tana yawo gonakin bakin teku tana ɗebo ƙasa a leda. Babban mai duba aikinta ya tafi koyarwa ƙasashen Gulf, aka bar ta a hannun na biyu, wato Mamduh. In ta kare aikin a wannan zangon za a ba ta gurbin malama da ke jiranta. In zangon ya wuce, gurbin ya tafi.

Ta kawo masa kundin don ya sa hannu a kai wa masu bugawa. Ya buɗe ƙarshe, ya girgiza kai.

"Wa ya koya miki wannan?"

"Ƙa'idar da aka sani na bi, Dakta. Kowace mujalla na duba gajerenta."

"Tsohon yayi. Bar mini, ni zan kai."

"Don Allah, Dakta, a bar shi haka. Babban malamina ya gani ya yarda."

"Babban malaminki yana can yana shan sanyin na'ura. Ni ne a nan."

Shi ya kai wa mai bugawa da kansa, shi ya aika wa masu jarrabawa. Sai da kundin ya dawo da baƙin bango Nihal ta ga abin da aka yi mata. Madogarar da ta cika shafuka da yawa ta koma 'yan shafuka, haruffa da ɗigo-ɗigo kamar kaji sun yi tono. Bai bar mujallu kaɗai ba, har sunayen marubuta ya bi ya datse, ciki da wajen kundin. Ta shigo ofishinmu ba ya nan, ta zauna a kujerarsa ta yi kuka mai isarta. Muka raka ta wurin Farfesa Nagwa. Ita kuma ta dafe kai ta ce kundin ya riga ya isa hannun mai jarrabawa a Iskandariya, an sa rana, in aka janye sai bayan hutun bazara.

Nihal ta share ido ta ce, "A bar ranar. Aikina na sani, ko ba a gane madogarar ba."

Ranar kare kundi a wurinmu biki ce. Aka cika zauren da furanni. Dangin Nihal suka zo daga ƙauye a bas guda, mahaifiyarta Hajja Fatahiyya a gaba, da farantan gurasar man shanu mai ninki-ninki da zuma da cuku. Masu jarrabawa suka hau dandamali cikin baƙaƙen riguna. Mamduh ya zauna a tsakiya, ko da yake ba wurinsa ba ne, ya jawo makirufo gabansa.

Mai jarrabawa na waje shi ne Farfesa Sabri Dakhakhni, dattijo daga Iskandariya, wanda kowa ya san halinsa: ba ya fara karanta kundi daga farko, daga ƙarshe yake farawa, ya ga ko an ambaci takardunsa. Nihal ta yi bayaninta tiryan-tiryan, aka tafa. Farfesa Sabri ya gyara tabarau, ya juya kundin ta baya.

"'Yata, aikinki na gona ya yi kyau, ba ni da ja. Amma na yi shekaru ina rubutu a kan ƙasa mai gishiri tun ba a haife ki ba. Ban cancanci ko layi ɗaya ba?"

"Kuna ciki, Farfesa. Sau da yawa ma."

"Ina?"

Mamduh ya karɓe. "Ranka ya daɗe, duk inda ka ga D da ɗigo, kai ne."

"Ni ne D?"

"Kai ne. Wani lokacin kuma wani Bajamushe ne."

Aka fara gyaran murya a zauren. Farfesa Sabri ya dube shi ta saman tabarau, ya sake duba shafin.

"Wannan N ɗin fa? Ita kaɗai, ba uwa ba uba."

"Mujalla ce babba, sunanta kalma ɗaya."

"Mujalla mai kalma ɗaya ba a gajarta ta, Dakta. Ɗan aji ɗaya ya san wannan."

"A tsohon tsari ke nan. Ka ba ni dama, ranka ya daɗe, in yi wa jama'a bayanin Tsarin Sharnubi."

Bai jira an ba shi ba. Ya miƙe, ya gyara riga, ya shiga zuba. Ya yi maganar tawadar da Masar za ta adana, da itatuwan da za su tsira, da Turawan da suka riƙe masa hannu. Mutanen ƙauye suka riƙa gyaɗa kai, don a ganinsu duk wanda ya fi daɗewa yana magana shi ne babba. Hajja Fatahiyya ta ga abin ba mai ƙarewa ba ne, ta fita baranda ta ga ko ƙuda sun sauka a zumarta.

Farfesa Sabri ya bar shi ya gaji, sannan ya ce, "Madalla. Tunda kai ka ƙirƙira, karanta mana. Ga J.S. a nan, ga J.S. a ƙasa, ga wata J.S. a shafi na gaba. Mujalla ɗaya ce?"

Mamduh ya kara kundin a hancinsa. "Ɗaya ce."

Nihal ta ce a hankali, "Daban-daban ne, Dakta. Ta farko ta ƙasar noma, ta biyu ta iri, ta uku ta ƙididdiga."

"Abin da nake nufi ke nan. Ɗaya ce a ruhi."

Wani daga bayan zaure ya shaƙe da dariya, ya mayar da ita tari. Farfesa Nagwa, da ke layin gaba, ta rufe fuska da takardar shiri.

Farfesa Sabri ya koma tsakiyar kundin. "To bari mu bar haruffa mu zo ga ilimi. A babi na biyu, 'yata, kin kawo maganar wani da ya ce in aka shayar da tumatir da ruwan gishiri tun yana tsiro, zai saba, har ya fi ba da 'ya'ya. Kin rushe maganar da kyau, na yaba. Amma ina so in san wanda ya rubuta wannan shirme. An sa Sh. da ɗigo, a wata mujalla B. Wane ne Sh.?"

Nihal ta kalli shafin. Ta dubi Mamduh, ta sunkuyar da kai.

Ni ina kallon fuskar Mamduh a lokacin. Na ga idonsa ya bar kundin ya tafi layi na uku, inda Wagdi Shalabi ke zaune kusa da ni. Na ga murmushi ya fara tasowa. Mutumin da aka wulaƙanta a gaban jama'a, sai ga abokin gabarsa an miƙo masa a faranti.

Ya jawo makirufo. "Ranka ya daɗe, yarinyar kunya take ji, don mai maganar yana cikin zauren nan. Ni ba na jin kunyar gaskiya. Wannan takarda abin takaici ce. Wanda ya rubuta ta bai taɓa riƙe fartanya ba, bai san tumatir ba sai a cikin salak. Irin waɗannan su suka ja mana raini a idon duniya. Ni da za a bi tawa, da an karɓe digirinsa an ba shi teburin sayar da gishiri a kasuwa."

Farfesa Sabri ya ce, "Har haka?"

"Abin ya fi haka. Jahili ne mai tabarau. Ba zan kama suna ba, amma harafin farko ya isa mai hankali." Ya juya gaba ɗaya ya zuba wa Wagdi ido, zauren ma ya juya.

Wagdi ya miƙe a natse, ya gyara maɓallin kwat. "Ranka ya daɗe, ni a kan tsutsar auduga nake aiki. Tunda nake ban taɓa rubuta kalma ɗaya a kan tumatir ba." Ya zauna.

Farfesa Sabri ya juya ga Nihal. "'Yata, wannan jarrabawa ce, kuma na yi tambaya. Wane ne Sh.?"

Muryarta ta yi ƙasa, amma makirufo ba ya rufa asiri. "Sharnubi ne, Farfesa. Takardar Dakta Mamduh ce, wadda aka yi masa ƙarin girma da ita. Shi ya ce lallai in sa ta."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Ta faro daga ɗaliban baya, ta gangaro kan malamai, ta hau dandamali. Mai jarrabawa na cikin gida ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa na rawa. Wagdi bai yi dariya ba, ya dai ciro hankici ya miƙo mini in share hawayen dariya. Mamduh ya tsaya da makirufo a hannu, ya duba kundin, ya juya shafi, ya dawo, kamar haruffan za su canza ra'ayi.

Ya ce, "To, ai sukar kai alama ce ta babban masani."

Farfesa Sabri ya ce, "In haka ne yau ka zama babba ƙwarai. Zauna, Dakta Sh."

Suka shiga shawara, ba su daɗe ba suka fito. An ba Nihal digirinta, da sharaɗin ta mayar da madogararta yadda ta tsara tun farko kafin a kai kundin ɗakin karatu. Farfesa Nagwa ta ƙara da cewa daga ranar ita da kanta za ta riƙa duba duk abin da zai fita daga hannun Dakta Mamduh, ko da katin gayyata ne. Mata suka rangaɗa guɗa, mijin Nihal ya rungume duk wanda ya samu, aka yi waje wurin gurasa.

Mamduh ya so sulalewa ta ƙofar gefe, amma a nan Hajja Fatahiyya ta kafa farantanta. Ba ta ga abin da ya faru ba. Ta dai jiyo ta taga lokacin da yake surfa wa wani zagi, sannan hayaniya ta hana ta jin sauran. Ta tare shi da faranti, ta cika masa da zuma har tana zuba, mu kuma muna tsaye a bayansa, da Farfesa Sabri da Wagdi da rabin tsangaya.

Ta ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Na ji yadda ka tsaya wa 'yata, ka wanke wancan jahilin tas. Ni ban yi boko ba, amma ko ni na san ba a ba tumatir ruwan gishiri. Wannan ko uwarsa ba ta yi sa'ar haihuwa ba."

Nihal ta ruƙo hannunta. "Mama, zo mu je."

"Bari in gama, addu'a zan yi." Ta ɗaga hannu sama. "Allah ya raba 'ya'yanmu da irinsa. Allah ya sa kada ya sake koyar da ɗan kowa. Ka ce amin mana, ɗana."

Mamduh ya waiga ya dube mu. Babu wanda ya kawar da kai. Zuma na ɗiga daga farantin zuwa kan takalminsa.

Ya ce, "Amin, Hajja."